Kwalabe Uku Zuwa Tasawa

Tun da na dawo daga Nijar ban huta da tambaya ba. A ofis, a majalisarmu ta bakin tasha, har a hanyar masallaci sai wani ya taɓo ni: "Salisu, wai me ya kai ka Tasawa da tsohuwa da yarinya, ana tsakiyar damina?" Wasu sun ce aure na je nema, wasu sun ce raƙumi na je tayawa. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya tafi da nasa ya ƙara masa gishiri. Ga shi nan gaba ɗaya. Kuma sai da na nemi izinin Inna kafin in rubuta, domin fiye da rabinsa nata ne.

Ni ma'aikacin sashen gona ne a ƙaramar hukuma. A Kankia nake zaune da matata Sa'adatu da 'yarmu Ummi, wadda ta ci sunan mahaifiyata. Ita mahaifiyar tamu, Inna, tana Kusada, a gidan da babanmu ya rasu ya bar ta shekara takwas da suka wuce. Duk wanda ya san kasuwar Kusada ya san daudawarta.

Ummi na da shekara bakwai muka gane ba ta jin ƙamshi, ba ta jin wari. Tukunyar wake ce ta ƙone ƙurmus a bayanta tana zaune tana aikin makaranta, sai maƙwabciya ce ta shigo a guje. Muka yi ta gwada ta. Albasa na sa ta hawaye, yaji na sa ta atishawa, amma turare da iska duk ɗaya ne a wurinta.

Da labari ya kai Kusada, Inna ta yanke hukunci nan take. "Ai na faɗa. Ranar da nike gasa ɗiyar nan na ce a ɗiga mata man shanu a hanci ya buɗe, uwarta ta ce wai asibiti sun hana. To ga asibitin nan."

Maganar nan ta zauna wa Sa'adatu a rai. Shekara biyu ke nan ba ta kunna turaren wuta a ɗakinta ba, ta ce ba za ta ji daɗin abin da ta hana 'yarta ba. Sai ga wani cikin. Yana wata bakwai ta ce mini a gidansu can Rimaye za ta haihu, can za ta yi wanka, ba za ta iya sake yin kwana arba'in a ƙarƙashin idon Inna ba. Inna kuma ta aiko cewa in haka ta faru ƙafarta ba za ta taka wurin suna ba. Ni ina tsakiya, kuma gaskiya na tsorata, don na ga haihuwar da ya kamata ta haɗa mu tana shirin raba mu.

Kafin nan mun kai Ummi wurin wata likitar hanci da kunne a Katsina, har aka ɗauki hoton kanta. Likitar ta zaunar da ni ta yi mini bayani da biro a bayan takarda. Ta ce tun jariri yana 'yan makonni a ciki, wasu jijiyoyi sirara kamar zare suke tasowa daga can saman hanci, su bi ta ƙananan kafofi su isa ƙwaƙwalwa, inda wani ɗan ƙullutu yake tsirowa ya karɓe su. Ƙwayoyin gado da ɗa ya samu daga uwa da uba su ne ke nuna wa zaren nan hanya. In aka samu tangarɗa a ɗaya daga cikinsu, zaren ba ya isa, ƙullutun ma ba ya tsirowa yadda ya kamata. Na Ummi bai tsiro ba.

"To man shanu fa, likita?" na tambaya.

Ta yi dariya. "Malam Salisu, aikin nan an gama shi tun kafin ku san ma mace ce ko namiji. Ba abin da wani ya yi ko ya ƙi yi bayan haihuwa da ya jawo shi." Ta ce a yanzu ba shi da magani, sai dai kiyayewa da wuta da gas da abincin da ya lalace, kuma mu riƙa kawo ta ana duba girmanta. Ta ƙara da cewa in bincika dangi. Ba kullum ake samu ba, amma wani lokaci abin yana bin gida, har ya ratsa ta jikin mutum bai nuna ba ya fito a ɗansa. Wannan kam na gane shi, aikina ne. Na sha ganin jar gyaɗa ta fito a gonar da aka shuka fara.

Na kawo wa Inna bayanin likita, ta ce likitar yarinya ce. Sai na ce to bari in nemo shaida mai ƙafa biyu. Na samu ƙananan kwalabe uku, na zuba turare a ɗaya, man ƙuli a ɗaya, kananzir a ɗaya. Na bi dangin babanmu kaf a Kusada, na bi dangin Sa'adatu a Rimaye, ina sa dattawa su rufe ido su shinshina. Wani baffana ya ce in aikin gwamnati ya ƙare mini in faɗa a nema mini gona. Kowa ya ci jarrabawa. Ita Inna ko a mafarki ban yi tunanin gwada ta ba. Matar da ta shekara arba'in tana sana'ar daudawa?

Saura danginta, can wani ƙauye gabas da Tasawa, inda babanmu ya auro ta zamanin yana fataucin gyaɗa. Ta fi shekara ashirin rabonta da can. Na ce mata mu je zumunci tun da Ummi na hutu, ta ga ƙaninta Kawu Idi. Ban ambaci kwalabe ba.

Ranar Laraba da hantsi ta sauka a Kankia da kaya kamar mai ƙaura: atamfa uku, buhun ƙuli-ƙuli, da ƙatuwar ƙwarya ta daudawa sabuwar kwasa, an naɗe ta da zane uku. Daga Kankia zuwa Katsina lafiya lau, in ban da direban da ya yi ta waiwaye yana tambayar ko wani ya taho da mushe. A Katsina muka shiga motar Jibiya. Hanya shinge bayan shinge, Inna na jan carbi, Ummi na ƙirga jakuna.

A bakin iyaka abu biyu suka faru. Na farko, muna taka ƙasar Nijar harshen Inna ya juye. Matar da na sani da "muka zo" sai ga ta tana "munka taho", tana gaisawa da masu tallan fura kamar jiya ta bar su. Ummi ta riƙe baki tana kallonta.

Na biyu shi ne asirina da ya tonu. Jami'in da ke duba kaya, wani dogo mai fara'a, ya kwance zanen farko na ƙwaryar, ya kwance na biyu, bai kai na uku ba ya ja da baya taku biyu ya ce Hajiya ta wuce, Allah ya ba da kasuwa. Sai ya juyo kaina, ya ji ƙarar kwalabe a aljihu.

"Wanga fa mi ne ne?"

Na yi 'yan kame-kame, na ga ba mafita, na faɗi gaskiya a gaban Inna. Mutumin nan ya yi dariya har da dafa mota. Ya ce sai an gwada shi. Ya rufe ido ya ci uku cikin uku, ya kira abokin aikinsa shi ma ya zo ya ci, suka tafa kamar an ƙara musu girma. Inna ba ta yi dariya ba.

"Ashe ba zumunci ka kawo ni ba," ta ce. "Shinshinar dangina ka zo yi."

Daga nan ba ta sake yi mini magana ba har Maraɗi.

Motar da ta ɗauke mu daga iyaka ta girme ni. Tankinta ya daɗe da mutuwa, sai jarka a baya da tiyo. Mun wuce Ɗan Isa kaɗan muka faɗa wani rami, jarkar ta tuntsire, fetur ya bi ta ƙarƙashin kujera ya jiƙa gefen mayafin Inna. Mota ta rikice, masu tari na yi, masu salati na yi. Ummi na cin gyaɗarta hankali kwance. Inna ma ta toshe hanci, har ta fi kowa faɗa da direba. Sai daga baya na tuna cewa ba ta ɗago daga carbinta ba sai da matar da ke gefenta ta fara tari.

A Maraɗi muka sauka gidan wani ɗan Kusada mai sayar da tayoyi, wanda ya karɓe mu kamar mun zo daga Makka. Mutanen Maraɗi 'yan'uwanmu ne ta kowace fuska, sai dai suna da abubuwansu. Gaisuwarsu ba ta ƙarewa, sai an tambaye ka gajiya da gida da damina da gajiyar jiya. In rana ta take, gari ya yi tsit, kowa ya nemi inuwa, ba kamar mu da muke fama da rana kamar muna gaba da ita ba. Shayinsu a ɗan ƙaramin kofi, zagaye uku, na farko ɗaci kamar maganin zazzaɓi, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne. Ni da na saba da kofin shayi mai cika ciki sai na ga kamar ana yi mini rowa a hankali.

Burodinsu kuwa dogo ne kamar taɓarya, bayansa ƙaras-ƙaras. Ummi ta haukace a kansa. Ita da ma abinci a wurinta ƙara ne da yaji da tsami da gishiri, shi ya sa ta fi son ƙanzo a kan tuwo. Ta cinye rabin sanda ita kaɗai. Sauran rabin Inna ce ta cinye, ta barbaɗa masa yaji, tana juya mini baya.

Washegari muka kama hanyar Tasawa, gero kore shar dama da hagu. Daga Tasawa babu mota zuwa ƙauyen sai ranar kasuwa, don haka amalanken shanu muka hau. Ni da takalmin ofis da jakar hannu, ina lilo a kan buhun dusa. Mai amalanken ya tambayi gidan wa za mu, Inna ta faɗa, sai ya dube ni da tausayi ya ce, "Kai dai ka yi haƙuri."

Ban gane ba sai da muka doshi gidan. Kawu Idi fataucin fata yake yi, matan gidan kuma daudawar batso suke yi, wadda ake yi da 'ya'yan yakuwa. Fatu a shanye ta gabas, tukwanen batso a rufe ta yamma. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Kawu ya fito da gudu, gajere mai farin gemu, ya riƙe hannun yayarsa yana kuka tana kuka, ni ma ina hawaye, aka ɗauka na zumunci ne. Aka kawo fura mai sanyi a ƙwarya, aka yanka zakara, aka ba ni ɗakin da ya fi nisa da fatu, wai nan ake sauke baƙi.

Ranar Juma'a da safe ina zaune a tsakar gida ina tunanin yadda zan fito da kwalabena ba tare da na ci mutuncin kowa ba. Sai ga Kawu ya fito cikin babbar riga, ya je gaban matarsa Hassu ya tsaya, ya ɗaga hannuwa sama kamar wanda za a caje. Ita kuma ko tsayar da tankaɗenta ba ta yi sosai ba, ta shinshina wuyan rigar, ta shinshina hammata, ta ce, "Hular ta yi, rigar a sake." Ya juya ya koma ɗaki ba musu.

Da ya fito na kasa haƙuri. "Kawu, me na gani yanzu?"

"Hancina ke nan," ya ce, yana nuna Hassu. "Ni ban jin komi, ɗana. Tun da anka haife ni ban san wari ba, ban san ƙamshi ba. Haka babanmu ya ke, haka gwaggonmu. Gidanga kowane zamani sai an samu. Mi kake gani ya sa munka riƙe fata da batso? Sana'ar da ta kori kowa, mu ko a jikinmu."

Ya ce al'adar gidan ce, da an yaye yaro sai wata tsohuwa ta kai masa batso kusa da hanci. In ya kau da kai, shi ke nan. In bai kau ba, sai a ba shi hanci, wato a zaɓi wani a gida a ɗora masa amanar. Shi zai shinshina masa nono kafin ya sha, ya duba masa tufa, ya kula masa da wuta. In ya yi aure, amanar ta koma kan mata ko miji.

"Ba a ɗiga muku man shanu ba?" na tambaya, ina satar kallon Inna da ke zaune a tabarma tana tsinke zogale.

"Man shanu? An ɗiga mamu har muna atishawar mai. Bai yi komi ba."

Ummi ta matso tana kallonsa kamar ta ga ɗan sama jannati. Ba ta taɓa ganin irinta ba. Ta ce, "Kaka, ni ma ba na ji." Kawu ya buga cinya, ya ɗaga ta sama, ya yi shela a tsakar gida cewa ga 'yar gida ta dawo, a ba ta cinyar zakara. Ban taɓa ganin yarinyar nan ta yi irin wannan dariya a kan hancinta ba.

Yana cikin murnar ne ya juya wurin Inna, da zuciya ɗaya, ya ce, "Ke ko Yaya, ina ta son in tambaye ki. Tun da Malam maigidanki ya rasu, wa ke yi maki hanci can Kusada?"

Hannun Inna ya tsaya a cikin zogale. Hassu ta daina tankaɗe. Kawu ya dubi fuskata, ya dubi tata, ya ce, "Af."

Ni kuwa babanmu ne ya faɗo mini a rai. Mutum ne mai kunya da kamewa, amma kullum za ta fita unguwa sai ya kama gefen mayafinta ya kai hanci ya ce, "Yau kuma ina za a kai mana ƙamshin nan?" Muna yara muna dariya, muna cewa Baba ya cika son Inna. Kullum shi ke fara kurɓar nono. Kullum in ta kwana uku da rufe daudawa sai ya bi ta wurin kamar zai ɗauki buta, ya ce, "Gobe dai ko?" Ashe aiki yake yi.

Da la'asar na same ta a gindin wata bishiyar bedi a bayan gida. Na zauna nesa kaɗan. 

"Ranar da za a kai ni Kusada innarmu ta ce kar in gaya ma kowa sai mijina," ta ce. "Ta ce can ba gida ba ne, za a ce an kawo masu matar da tuwo zai ƙone a gabanta. Sai na koyi kallon fuskar mutane. In sun yamutsa, in yamutsa. Daudawa kuwa da hannu nike gane ta, da ɗuminta da yauƙinta."

"To Inna, me ya sa kika ɗora wa Sa'adatu?"

Ta share ido da bakin zane. "Ranar da ka ce ɗiyar nan ba ta ji, na san daga ina ya fito. Na ba ta sunana, na ba ta wannan. Sai na so a ce man shanu ne, Salisu. Man shanu ana iya ɗiga ma na gaba."

Na so in yi fushi, na yi shekara biyu ina tara shi. Amma na tuna shekara takwas tana zaune ita kaɗai da murhu da fitila, ba wanda ya sani, sai tausayi ya kashe fushin. Kwalaben nan uku ko buɗe su ban yi ba a garin. Na bar wa Hassu turaren, ta ce ai ita ce ta fi kowa cancanta.

Dawowa ba wani labari, sai dai jami'in nan na iyaka ya gane ni ya ɗaga murya, "Mai kwalabe! An dace?" Inna ce ta amsa masa, ta ce an dace.

Mun iso Kankia ranar Lahadi bayan azahar. Na ce bari in nema mata mashin zuwa Kusada, ta ce a'a, gidana za ta. Sa'adatu ta fito da tsohon cikinta, ta durƙusa da ƙyar tana gaishe ta, ido a ƙasa. Inna ta matso kusa da ita. Ta cire mayafinta ta miƙa mata.

"Shinshina mani wannan."

Sa'adatu ta dube ni. Na gyaɗa kai. Ta kai hanci, ta yi saurin kau da kai, ta rasa yadda za ta faɗa. "Inna... fetur ne. Da fata."

"To kwana biyar nike yawo da shi ban sani ba," Inna ta ce. "Ban taɓa sani ba, ɗiyata. Hancin takwarata nawa ne, ba ke kika yi mata ba. Na ɗora maki kayan da ba naki ba. Ki yafe mani."

Sa'adatu ta zauna daɓas a ƙasa ta fashe da kuka, mayafin na hannunta. Na ja Ummi muka fita sayen burodi, wanda ta ce ko kusa bai kai na Maraɗi ba. Da muka dawo, tun daga zaure na jiyo turaren wuta.

A Kankia aka haihu, namiji, kuma Inna ce ta yi wa Sa'adatu wankan jego. Ba a ɗiga wa kowa man shanu ba. Ko yaron yana ji ko ba ya ji, ba mu sani ba tukuna, kuma ba wanda ya hana barci. Sa'adatu ce hancin mutum biyu yanzu. In Inna ta rufe daudawa, ranar kwana uku sai na ɗauki matata a mashin mun je Kusada ta ce gobe ko jibi.

Ranar suna da safe, kafin mata su cika gida, na shiga ɗaki na tarar Inna ta gama yi wa jaririn wanka tana riƙe da shi, Ummi na jingine da kafaɗarta, Sa'adatu na zaune a bakin gado. Inna ta ce, "Sa'adatu, kullum ina ganin mata na shinshina kan jariri suna lumshe ido. Ni ma haka nike yi. Mi ake ji?"

Sa'adatu ta buɗe baki za ta ce kamar madara, sai ta fasa. Ta yi ɗan tunani.

"Inna, kin san in kika tura hannu cikin geron da ya sha hantsi? To haka, amma a cikin ƙirji."

Inna ta dubi kan jaririn. Ummi ma ta leƙo.

"Na haifi shida," Inna ta ce, "ban taɓa tambayar kowa ba."

Sai ta sunkuya ta ɗora hancinta a kan yaron, ta daɗe ba ta ɗago ba.